Gasar Ranar Suna

"Tashi ki gani!" in ji Ayinde, shugaban ƙungiyarsu ta wasan kwamfuta, idonsa na kan allo. "Wasan nan na gwanaye ne, ba na 'yan leƙa-ka-tafi ba. Kina fita, mun cire ki."

Morenike ta koma ta zauna, gumi na jiƙa mata anko. A unguwar Bodija ana can ana shagalin sunan ɗan yayarta, wayarta kuwa sai kuka take yi. Shagon wasan ko taga babu. Ta haɗiye hawaye, ta ci gaba da latse-latse.

Sai la'asar suka ci gasar. Taron suna kam ya watse.

"Yau kin nuna gwaninta, ƙanwata!" in ji Ayinde. "Ina ragwayen da masu ƙera wasan ke lallaɓawa? Su zo su koya!"

Baba Lasisi mai shago ya duƙa zai share ƙarƙashin teburinta, sai ya ɗago da igiyar abin latsawarta.

"'Yata, wannan fa tun safe a cire take. Ai yanzu in mutum ya bar wasa, na'ura ce ke buga masa."