Yashi a Rigar Sufeto

Laure ta ɗora tef a kafaɗar baƙon, ta karanta lambar, ta sake karantawa. Inci goma sha tara, daidai da ta marigayi.

Ita ce mai ɗinka kayan 'yan wasa a shirin Ƙarshen Zargi, wasan 'yan sanda da ɓarayi da ake nunawa a talabijin duk Asabar. Marigayin kuwa Abdussamadu ne, mai fitowa a Sufeto Bawa, wanda ko a kasuwar Birnin Kebbi sai an sara masa. Kwana goma sha biyu ke nan da ruwa ya ci shi a Argungu.

Ranar, an kafa kyamara a wannan gaɓar gulbin, shi kuma aka kai shi can tsallake, bayan ciyayi. Aikinsa ya tuƙo kwalekwale shi kaɗai, ya bi ɓarayin shinkafa, in ya zo tsakiya ya faɗa ruwa. Ya tuƙo kuwa, tuƙin da ya sa Silvanus, daraktan shirin, wanda yabo ke yi wa wuya kamar cire haƙori, ya daka tsalle yana tafi. Sufeto ya faɗa ruwa. Aka jira ya ɗago, bai ɗago ba.

Sai rana ta uku masunta suka tsamo shi. Ruwa da kifi sun gama da fuskar, da kakin Sufeto da ke jikinsa aka shaida shi, aka yi masa sutura nan bakin gulbi. Da aka yanke rigar sulken bogi da ke ƙirjinsa, yashi ya zubo. Kowa ya ce na gulbi ne.

Laure kaɗai ta san ba na gulbi ba ne. Silvanus ya sha yi mata tsiya cewa sulken nata kamar matashin kai yake a hoto. Haushi ya sa ta farke shi, ta zare soson ciki, ta ɗura yashi, ta ɗinke, ba ta gaya wa kowa ba. Ita ta kashe Abdussamadu, kuma kullum jira take a gane.

Mutum ɗaya za ta iya gaya wa, yayanta Hodi, masuncin da ya ba su aron kwalekwalen. To shi ma tun ranar ba a gan shi ba. An ce tsoron tambayoyin hukuma ya sa ya gangara Yawuri. Wayarsa a kashe, ta kira har ta gaji, tana jin haushinsa da ya gudu ya bar ta da wannan nauyi.

Shiri kuwa ba ya jiran makoki. Silvanus ya tara ma'aikatan shirin a ofis a unguwar Badariya ya ce masu kallo sai sun ga ƙarshen Sufeto da idonsu. Za a samo mai irin jikinsa, a ɗauke shi ta baya, ɓarayi su harbe shi, a rufe babin. Yau da hantsi ya sauke wani mutum daga motarsa, fuska naɗe da rawani, ido kawai ake gani.

"Anti Laure, ga shi, ki auna shi," in ji Silvanus. "Ƙuna gare shi a fuska, ba ya son a kalla. Kar a dame shi da surutu."

Ya fita ya ja ƙofa.

Ta auna tsawon hannu, daidai. Ƙugu, daidai. Ta ɗauko takalman Sufeto, waɗanda aka tsinta a bushe cikin ciyayi ranar hatsarin, ya zura ƙafa suka zauna ɗas. Ya miƙe ya taka zuwa taga yana ɗan jan ƙafar hagu. Shekara huɗu tana ganin wannan tafiyar.

Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ga rana sarai, ana jin ƙarar Keke Napep a titi, amma ita gani take fatalwa ce a gabanta. Ta shiga karanta duk addu'ar da ta zo bakinta, tana haɗa farkon wannan da ƙarshen waccan. Ta ja da baya tana laluben hannun ƙofa.

"Laure," in ji mutumin.

Muryar ce. Ta zube kan tulin kaya.

"Ka yahe min," ta ce. "Ni nis sa yashin. Wallahi ban nuhe ka da sharri ba. Ka koma makwancinka, don Allah."

Ya tsaya cak. Sannan a hankali ya warware rawanin. Babu ƙuna, babu tabon ruwa. Abdussamadu ne, ya rame, idanunsa jawur.

"Wane yashi?" ya ce. Ya dube ta, ya dubi keken ɗinkin, sai ya dafa bango. "Innalillahi. Laure, ban mutu ba. Gudu niy yi. Tun rannan ina ɓoye garin Augie, Silvanus kaɗai yas sani, shi ma jiya. Ni na roƙe shi shi kawo ni gare ki."

Ta taɓa ƙafarsa. Da ɗumi, ƙafar mai rai. Wani daɗi ya taso mata har ta fashe da dariya da kuka tare, ashe ba ta kashe kowa ba. Sai dariyar ta yanke.

"To wa munka ruhe?"

Abdussamadu ya kasa haɗa ido da ita.

"Ban iya ruwa ba, kunya ta hana ni hwaɗi. Da munka kai bayan ciyayi, sai nit tuɓe kakin da sulken nib ba yayanki Hodi."