Ƙwayar da Inna Tasalla Ta Haɗiye

Tun da aka kafa dokar haɗiyar ƙwaya mai ido, mai nuna hoton ciki, ga duk wanda ya haura shekara hamsin, Inna Tasalla take zillewa, don likitan unguwarsu a Funtuwa, Dakta Sallau, surukinta ne. Yau dai ta haɗiye. Da cikinta ya bayyana jajawur a bango, sai ta ja mayafi ta rufe fuska, wai kada su haɗa ido.

"Inna, ga wani ɗan tsiro nan kamar wake," in ji likitan, kansa a sunkuye. "Ƙwayar ta tsinke shi, ta gwada. Ba ciwon daji ba ne."

"Alhamdu lillahi. To, yaushe abar za ta fito?"

"Ai ba ta fitowa, Inna. Gadi za ta riƙa yi miki."

Ta fito tana raba albishir har bakin kasuwa. Ta tsaya wurin Ɗanlami mai tsire, ta ce ya naɗe mata na murna, ya zabga yaji.

Ɗanlami ya duba saƙon da ya shigo wayarsa, ya yi dariya.

"Barka, Inna. Amma cikinki ya riga ki zuwa. Ya ce ban da yaji."