Hauren Hagu

"Ba na sayarwa," in ji Kaka Tuyara, ko ɗago kai ba ta yi daga ɗinkinta ba.

Dillali Ercim ya cije leɓe. Ƙwarangwal ɗin giwar zamanin ƙanƙara da ya tono a gaɓar kogin Yana ya cika tsaf, saura hauren hagu. Attajirin da zai girke giwar a falonsa kuwa ya ce ko cikakkiya, ko a fasa.

"Kaka, kowa ya san marigayi mijinki ne ya tsince shi. Me tsohuwa za ta yi da haure?"

"Injinan feshin ruwan da kake tono da su sun rushe mana gaɓa, kogi ya koma taɓo, kifi ya gudu. Yanzu kuma haure? Sannu da ƙoƙari, ɗan nan."

Ya bangaje ta, ya birkice ɗakin, ya leƙa har ramin ajiyar nama. Wayam.

"Ina yake?"

Ta nuna masa ƙofa da haɓa. Matan ƙauyen sun cika tsakar gida maƙil, kowacce da sabon mataji mai ruwan madara soke a gashinta.

"Tuni na sassaƙe shi. Arba'in da uku ne. Je ka ƙwato ɗaya bayan ɗaya, in ka isa."