Jan Ɗigo a Rugar Bawa

Wuta ta riga ta kama bukkokin rugar Bawa kafin Kamal ya sauko daga babur. 'Yan sa-kai sai sara suke, mata na kururuwa, maruƙa na fizgar igiya cikin hayaƙi. Ko kaɗan Kamal bai ji tausayi ba. Ɓarayin shanu ne suka yi wa wansa Habibu yankan rago a Masama, kuma shi da kansa ya gano maɓoyarsu.

Ba da duba ya gano ba, da boko ne. Ɗalibin nazarin taswira ne a jami'ar da ke Kalgo. Ƙauye-ƙauye ya bi yana tambayar inda sawun shanun da aka sace yake ɓacewa. Wasu su ambaci fadama ko mashaya, mafi yawa kuwa su ce, "Oho, cikin ƙasar Gwandu dai." Yadda aka faɗa, haka yake shigarwa a kwamfuta.

Da taswira ta fito, ɗigogi suka watsu nan da can, sai wuri guda da ya yi jawur, ɗigo kan ɗigo, ko gocewa babu. Lissafi ya ce irin wannan cunkoso ba ya zuwa haka kawai. Kamal bai jira malamarsa ba, wajen shugaban 'yan sa-kai ya nufa.

Yanzu ga tsoho Bawa durƙushe, jini na bin gemunsa.

"Ɗana, mi munka yi muku?"

"Lissafi ba ya ƙarya, Baba," in ji Kamal, ya sauke masa gora a ka. Tsohon bai ƙara motsi ba.

An bincike garken kaf, babu saniya ko ɗaya mai shaidar shanun Habibu da aka sace. Aka ce ai sun riga sun sayar.

Ranar Litinin Kamal ya kai wa malamarsa, Dakta Nafisa, aikin, yana jin kansa namiji. Ta duba, ta ɗan yi murmushi.

"Kuskuren sabon shiga, Kamal. Waɗannan da ka rubuta wa Gwandu kawai, cire su za ka yi. In ba ka ba na'ura takamaiman wuri ba, tsakiyar ƙaramar hukuma take jefa ɗigon. Duba ka gani."

Ta rubuta Gwandu, ta danna. Sabon jan ɗigo ya faɗo daidai kan rugar Bawa.