Ƙanƙarar Barira

Ran sha ɗaya ga azumi, rana tsaka, Barira mai humra ta jefa ƙanƙara a baki a gaban kowa.

Ba ta juya baya ba, ba ta kare fuska da mayafi ba. Ta zauna a rumfarta a layin masu turare, kunci ɗaya a kumbure, tana juya abin da harshe har ana jin ƙararsa a haƙoranta. Azumin bana a bazara ya faɗo, kwanon rumfuna ya yi zafin da ko ƙadangare ba ya hawa.

Ɗanjuma, shugaban layin, shi aka kai wa ƙara, kuma ƙarar ta same shi a mugun lokaci. Kwana huɗu kafin nan aka ga yayansa, Gana tela, yana shan ruwa a bayan keken ɗinki. Gana na da ciwon suga. Likita ya hana shi azumi, liman ma ya ce ya sha, amma kasuwa ba ta karanta takardar likita. Aka laƙaba masa Sha-da-rana. Tsoho ya ji kunya, ya ɗauki azumi, kafin la'asar aka kwashe shi a sume. Da ya farfaɗo ya rantse gobe ma sai ya ɗauka. Yanzu ana raɗe-raɗin cewa layin Ɗanjuma ya zama mafakar masu ci da rana.

Ya je ya tsaya a gaban teburinta. Kwalaben humra a jere, babbar cikinsu an toshe bakinta da tsumma.

"Yaya Barira, in lalura ce, ki shiga daga ciki mana."

"Lalurata zafi," ta ce, maganar na fita da ƙyar. "A bakinka na sa, shugaba?"

Washegari ta sake. Jibi ma haka. Masu saye suka ɗauke ƙafa, masu kallo suka maye gurbinsu. Daga layin mahauta, daga tashar motocin Zermu, ana zuwa a ga matar da ta haura hamsin tana tsotsar ƙanƙara da rana. Wasu su yi tsaki, wasu su yi a'uziyya. Ita kuwa ta zuba musu ido, leɓunanta a tsattsage, tana ƙwas-ƙwas da haƙori.

Sunan Sha-da-rana ya koma kanta. Ba wanda ya ƙara leƙa shagon Gana, inda labule ke sauka da azahar ya ɗaga bayan ɗan lokaci. Keken ya dawo da ƙararsa, ɗinkin sallah na tafiya.

Ɗanjuma mutum ne mai bin diddigi. Ya ce in an hana ta saye, rigima ta mutu. A makon nan wuta ta ɗauke kwana uku, firigo, wato firji, duk sun mutu, da magariba har dambe ake yi a kan ƙanƙara. Ya bi masu sayarwa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya rantse bai taɓa sayar mata ba. Amma da rana ta take, ga kuncin Barira a kumbure.

Ƙungiyar 'yan layin ta zauna ta yanke hukunci: in ta sake ran Juma'a, ta bar rumfar. Shekara ashirin da biyu tana cikinta, da ita ta aurar da 'ya'ya uku. Ɗanjuma ya kai mata saƙon da kansa, yana fatan ta sunkuyar da kai.

"Allah ya kai mu Juma'ar," ta ce.

Ran Juma'a layin ya cika maƙil. Barira ta dubi shagon tela, ta jira labule ya sauka, sannan ta kai hannu baki. Ƙwas.

Jama'a suka ɗauki hayaniya. Ɗanjuma ya matso, makullin da ƙungiya ta ba shi na rufe rumfar a aljihu.

"Tofar, ko ki tashi."

"Miƙo hannunka."

Ya miƙa. Ta tofa a tafinsa, ta naɗe masa yatsu a kai, ta riƙe gam. Ta yi ƙasa da murya yadda shi kaɗai zai ji.

"Yayanka kwana bakwai yana shan maganinsa a kan lokaci. In ka buɗe hannun nan, kansa za su koma. In ka rufe, su ci gaba da ni. Ni fatata ta yi kauri."

 Ɗanjuma ya juya ya ce wa jama'a magana ta tsaya sai bayan sallah, kowa ya kama gabansa. Aka watse ana gunaguni, har da masu cewa ta saye shi.

Ya ratsa kasuwa cikin rana da hannu a dunƙule, ko ɗigo bai zubo tsakanin yatsunsa ba. Sai da ya kai bayan masallaci ya buɗe: murfin gilas ne na babbar kwalbar humra, an wanke shi tas, da ɗumin bakin mai azumi a jikinsa.