Jar Motar Ranar Lahadi

"Kada ka buɗe komai, sa hannu kawai!" Ettore ya daka wa dillalinsa tsawa a waya. "Kafin wani Bajamushe ya riga ni."

Dillalin ya ce ko jariri a garinsu Modena na Italiya ya san ba a sayen tsohuwar mota sai an duba lambar inji. Ettore ya ja tsaki. Shekara talatin yana leƙen motar nan ta tagar kicin, ja, doguwa, ƙirar 1968. Kowace safiyar Lahadi sai ya gan ta a ƙofar gidan maƙwabcinsa Fulvio, mutumin yana goge ta yana 'yar waƙarsa, shi kuwa yana kallo cike da hassada har kofinsa ya huce. Ya san motar fiye da fuskar matarsa.

Gonar inabin da ya gada ya sayar, ya sayi motar a ɓoye.

Ranar karɓa ya sa kwat ɗin aurensa, ya tsallaka titi yana taƙama.

"Miƙo makulli, tsoho. Daga yau kai ne mai leƙe."

Fulvio ya miƙa ba musu. Ettore ya zauna, ya murza. Ko tari motar ba ta yi ba. Ya fito ya ɗaga murfin gaba, sai ya hango kwalta ta inda inji ya kamata ya zauna.

"Ina injin?"

"Na sayar tun kafin ka tare a unguwar nan," in ji Fulvio, yana matsa kafaɗarsa. "Ka taɓa jin ƙararta? Na gaji, Ettore. Shekara talatin ina turo ta waje, saboda kai kaɗai."