Daƙiƙa Tara

Sanda ta sauka a ƙeyar Taufiq tun bai kashe babur ba.

Gausu makanike ya ɗaga waya, duk unguwar Moshi Zango na gani. "Na buga lambar a manhajar duba babura, nan take ta ce babur ɗin sata ne!"

"Wallahi nawa ne! Sacewa aka yi, yau da safe aka maido min!"

Wani ya maka masa bulo a baki, haƙora biyu suka faɗa kwata. Aka rataya masa taya. Hajiya Lariya mai waakye, shinkafa da wake, ta damƙe hannun wani da ya zaro ashana.

Taufiq ya tofar da jini. "Gausu, danna lambar ka riƙe. Ka jira."

Wayar ta yi ta juyi. Daƙiƙa tara, sai ga amsa: an gano babur, an miƙa wa mai shi, Taufiq Sulemana.

Gausu ya durƙusa. "Ya aka yi ka san wannan?"

"Ni na haɗa manhajar. Ainihin bayanan suna Accra. Kuka ce daƙiƙa tara ta yi yawa, sai na ajiye muku kwafin jiya a nan Kumasi, shi ke ba ku amsa nan take."